Injiniya Mokhles da Wayar Ɗaurin Aure

"Ni Mokhles, wayar da ta kwana ɗaya a hannuna sai ta yi kwana uku ba ta kalli caja ba! Kamfani jiki kawai ya iya ƙerawa. Tarbiyya kuwa sai an kawo mini."

Wannan ita ce gaisuwar Mokhlesur Rahman ta safe, ita ce kuma ta yamma, a rumfar mai shayi da ke bakin kasuwar Naria. Kai da ba ka san shi ba, matso in nuna maka shi. Ga shi can, gajere, mai tumbi kamar tulu. Gashin kansa ya yi ƙaura tun tuni ya bar 'yan tsiraru a bayan kunne, su ma kullum sai ya shafe su da man kwakwa ya jawo su ya shimfiɗa a tsakiyar sanƙo, wai kada a gane. A aljihun rigarsa akwai sukudireba uku, ba mahalukin da ya taɓa ganin ya kwance ko noti ɗaya da su. Abin da yake sayarwa a ɗan akurkin shagonsa bai wuce rigunan waya da gilashin kare fuska da katin kira ba, amma ɗaga kai ka karanta allon: INJINIYA MOKHLES, LIKITAN WAYA, MAI KARATUN DHAKA. Karatun Dhakan nan kwas ne na mako uku. Ya yi kwana huɗu ya dawo, ya ce malamin ne ya fara tsare shi da tambayoyi don ya ƙaru da shi, shi kuwa bai biya kuɗi don ya koyar da wani ba.

To ina yake samo ilimin? Wani zaure ne a intanet mai suna Mahaukatan Waya, mutum dubu arba'in, babu ɗaya mai amsa sunan da ubansa ya raɗa masa. Akwai Kunama Tara, akwai Baban Batir, akwai wani Aljanin Khulna. Waɗannan bayin Allah ba su da aiki sai ɓalle makullin da kamfani ya sa wa waya, su shiga hanjinta su yi ta dame-dame, sannan su raba wa jama'a laƙani kyauta, wannan na ƙara gudu, wancan na tsawaita ran batir. Duk abin da aka liƙa da safe, kafin azahar Mokhles ya haddace shi, kafin la'asar ya zama shi ya ƙirƙiro.

Mutum ɗaya ne ya zame masa ƙarfen ƙafa, wato Gouranga Shaha, wanda shagonsa ke kallon nasa. Shekara ashirin yana gyaran waya da tabarau mai kauri da ɗan ƙarfensa na narka dalma. Siriri ne, magana ƙasa-ƙasa, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi. Kullum sai sun haɗu a rumfar shayi, kullum kuma sai an yi.

"Dada, kai matsalarka tsoro," in ji Mokhles wata Laraba, yana kiran Gouranga da Dada, wato babban wa, yana tsoma biskit a shayi. "Kamfani ya ɗaure wa waya ƙafa kamar akuya, don batir ya mutu da wuri ka koma ka sayi sabuwa. Mu 'yan zaure kwance ta muke yi."

"Mokhles Bhai, ba kowace igiya ce ta mugunta ba. Wata don kada akuyar ta faɗa kogi aka ɗaura ta. Akwai abin da ke tsayar da waya in batir ya ɗauki zafi, shi ne farkon abin da kuke cirewa."

"Zafi! Injin da ba ya zafi ai ba ya aiki."

"Ban ce duk 'yan zauren maƙaryata ba ne. Akwai masu ilimi a ciki, ni ma nakan leƙa. Amma mai ilimin yakan rubuta cewa wannan na waya iri kaza ne, ka gwada a tsohuwa tukuna, in ta mutu ba ruwana. Kai kana karanta wannan layin?"

"Wannan layin na matsorata ne."

"To wa ya haɗa laƙanin? Ka san fuskarsa? In waya ta ƙone, ƙarar wa za ka kai, Aljanin Khulna?"

Mokhles ya buga benci har shayin mutane ya yi tsalle. "Mutum dubu uku sun ɗaga masa babban yatsa! Dubu uku, Dada!"

Gouranga ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin. "Waɗanda tasu ta mutu fa, da wace wayar za su shiga su sauke yatsan?"

Rumfa ta kwashe da dariya, har mai shayi sai da ya ajiye buta. Mokhles ya miƙe ya gyara ɗaurin zanensa irin na mazan garinmu ya ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma jibi Juma'a duk garin Naria zai ga aikinsa da idonsa.

Jibin da yake faɗa kuwa ranar ɗaurin auren Shiuli ce, 'yar yayarsa Hosne Ara. Angon, Tofazzol, yana Italiya yana aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, kamar rabin samarin garin. Shekara uku ke nan da sa rana yaran nan suna jiran juna, ita tana ramewa a nan, shi yana ramewa a can. Hutu ya ƙi samuwa, sai aka yanke a ɗaura ta waya, kamar yadda aka yi wa 'yan mata da dama a unguwar. Kuma dole sai wannan Juma'ar, domin ranar Lahadi za a miƙa takardar auren a Dhaka tare da takardun tafiyar Shiuli. Layin nan wata goma sha huɗu suka yi suna jiransa. In ya wuce, sai kuma baɗi, in Allah ya kai rai.

Tofazzol bai yi wasa ba. Ya matse bakin aljihu ya aiko da waya sabuwa fil a kwalinta, ya ce ta ranar ce, yana so ya ga amaryarsa tar, ya ji amincewarta da kunnensa. Maigidansa ya ba shi rabin awa cif, daga ƙarfe uku da rabi agogonmu, kafin masu cin abincin rana su fara shigowa can.

Ranar Alhamis Mokhles ya je gidan yayarsa duba rumfar biki, idonsa ya faɗa kan kwalin.

"Apa, wannan ce wayar? Haka za ku yi amfani da ita, ɗanya?"

"Sabuwa ce, Mokhles. Ajiye ta."

"Sabuwar ce abin tsoro! Kiran bidiyo na rabin awa? Batir ɗin kamfani? Ga wutar nan tamu da ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya. In ta mutu a tsakiyar ɗaurin aure, a gaban Fulbanu, me za ki ce?"

Nan ya taɓa inda ke mata ƙaiƙayi. Fulbanu Begum ita ce uwar ango, mace mai ganin alama a komai. In kaza ta yi atishawa a ranar biki sai ta ce Allah ne ke nuna wani abu. Hosne Ara ta dubi kwalin, ta dubi ƙanenta.

"Ba za ka ɓata ta ba?"

"Apa! Ni?"

Ya ɗauke ta ya tafi da ita yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Injiniya bai taɓa jin wannan ba. Ya ɓalle makullin kamfani, garanti ya bi ruwa. Ya ɗora mata laƙanin Baban Batir mai suna Barcin Kasa, wanda ke rage wa waya gudu, kuma in minti biyu suka wuce ba a taɓa fuskarta ba, ba ta kuma ji ana magana ba, sai ya rufe komai ya kwantar da ita. Don ƙarin alheri ya haɗa mata da na Aljanin Khulna mai suna Gudun Damisa, ya ajiye shi a gefe ko za a buƙata. A ƙasan kowanne an rubuta da jan rubutu cewa kada a haɗa su a waya ɗaya. Layin matsorata, ka gane.

Da yamma ya tsallaka shagon Gouranga ya kaɗa masa ita a hanci. "Awa biyar, kashi ɗaya kacal ta ci!"

"Awa biyar tana me?"

"Tana ajiye."

"Bulon da ke ƙofar shagona ma bai ci ko kashi ɗaya ba. Ka gwada kira da ita?"

"Na kira mai kifi mun yi minti goma muna ciniki, ko gezau."

"Kai ai ba ka yin shiru, Mokhles Bhai. Ka mayar da ita yadda take, don Allah. Kawo in yi maka kyauta."

"Kyauta? Don ka sace fasahar?"

Abin da Gouranga ya hango, Mokhles bai hango ba, alhali a garin aka haife shi. Amarya a wurinmu ba ta amsawa da wuri. In Kazi, malamin da ke ɗaura aure ya rubuta a littafi, ya shigo ɗakin mata ya tambaye ta ko ta amince, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ta yi hawaye, a lallashe ta, ta ƙara yin shiru, kafin ta furta kalmar nan ɗaya, kobul, wato na amince, sau uku. Wadda ta yi saurin faɗa, shekara goma ana gulmarta a bakin famfo, wai ɗokin barin gidan ubanta take yi. Hosne Ara minti arba'in ta yi a nata. Nani, kakar amarya, wadda ta haifi Hosne Ara da Mokhles, ta rantse ita daga la'asar ta kai har magariba, sai da Kazin lokacin ya yi gyangyaɗi. Saboda rabin awar Tofazzol, gwaggonni suka zauna suka yi wa Shiuli ragi, suka ce minti goma sha biyar, ko daƙiƙa ɗaya kada ta gaza.

Juma'a ta zo. Ƙamshin shinkafa da soyayyar kaza ya cika unguwa. Ɗakin mata ya cika maƙil, Shiuli a tsakiyar gado cikin jan lulluɓi, Fulbanu a kujerar gaba da ganyen taunawa a kunci, Nani a kusurwa da carbi. Kazi ya shigo da littafinsa da uban amarya da shaidu biyu. A bayansu ga Injiniya cikin sabuwar riga, sukudireba uku a aljihu, waya a hannu kamar mai ɗauke da jariri.

Uku da rabi daidai kira ya shiga. Ga Tofazzol tar a fuskar waya, a ɗakin ajiyar kayan miya, farar hula a kai, ƙyallen aiki a ƙugu, buhunan albasa a bayansa, ga 'yan garinmu biyu masu wanke kwanuka sun tsaya masa shaida. Mata suka yi ta salati, Fulbanu ta share hawaye.

"Kun ga hoto?" in ji Mokhles. "Wannan ba hoton kamfani ba ne."

Ya jingina wayar da tulun fure ya koma gefe ya harɗe hannu. Kazi ya yi huɗuba a gaggauce, ya karanto sunaye da sadaki, sannan ya sassauta murya. "'Yata Shiuli, kin amince? Ki ce kobul."

Shiuli ta sunkuyar da kai. Ɗaki ya yi tsit, ko tari babu. Tofazzol can ma ya nutsu yana murmushi, ya san al'ada. Minti ɗaya. Minti biyu. Sai fuskar waya ta yi ɗif, ango ya ɓace da albasarsa.

"Ina ɗana?" in ji Fulbanu.

"Hutawa take yi, Khala. Tattalin batir ke nan. Yanzun nan," in ji Mokhles, yana kiranta Khala, wato gwaggo.

Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Kasa ta yi nisa a barci. Da ƙyar ta buɗe ido, ta tsaya tunani kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa, sai da aka ci minti uku kafin Tofazzol ya dawo, fuska a murtuke.

"Kawu, me ya faru? Ta faɗa?"

"Sabis ɗin Italiya ne, ɗana. Turawa ba su iya sabis ba."

Kazi ya yi gyaran murya ya ce tunda zama ya yanke, shaidun can ba su ji ba, sai an sake daga farko. Wata gwaggo ta sunkuya ta raɗa wa Shiuli cewa shirun ma daga farko za a ƙirga, na baya bai shiga lissafi ba. Kazi ya maimaita, ya tambaya, Shiuli ta sunkuya. Minti biyu cif, ɗif!

"Innalillahi," in ji Fulbanu. "Sau biyu. Hosne Ara, ni fa ban ce komai ba, amma sau biyu."

Hosne Ara ta juyo ta yi wa ƙanenta wani kallo da ya sa gumi ya karyo masa har man kwakwa ya fara gangarowa goshi. Nan ne fa ya tuna da zancen minti biyu. Amma Injiniya ya amsa laifi? Haba.

"Na gano matsalar, Huzur," ya ce wa Kazi, Huzur kuwa ranka ya daɗe ke nan a wurinmu. "Wayar tana son a riƙa taɓa ta. Irin na zamani haka suke. Zan riƙe ta da kaina."

Aka sake kira, aka sake farawa, saura minti goma sha shida. Mokhles ya tsaya a gaban amarya yana dangwalar fuskar waya da yatsa kamar mai ɗanɗana miya. Dangwala ta uku ya juya kyamara, Tofazzol ya tsinci kansa yana kallon cikin hancin kawun amarya.

"Kawu, hancinka nake gani."

"Haƙuri, haƙuri."

Ya dangwala don ya gyara, sai ga kunnuwan zomo sun tsiro a kan hular ango, da ɗan jan hanci yana motsi. 'Yan mata suka toshe baki da gyale, kafaɗu na rawa. Fulbanu ta miƙe tsaye.

"Wa ya mayar mini da ɗa zomo?"

"Ado ne, Khala, yanzu zan cire." Ya dangwala da ƙarfi, yatsan ya sauka a kan jan maɓalli. Ɗif na uku, wannan karon da hannunsa.

Kazi ya dubi agogo ya ce yana da wani ɗaurin auren a ƙetaren kogi, kuma jirgin ruwa ba ya jiran malamai. Daga ƙarƙashin lulluɓi aka ji shessheƙa. Wannan ba kukan al'ada ba ne, na gaske ne, duk wanda ke ɗakin ya gane bambancin. Shekara uku, da layin wata goma sha huɗu, ga su suna zirarewa a hannun mutum mai sukudireba uku.

Shi ma Mokhles ya ji kukan har cikin ransa, don yana son yarinyar, a kafaɗarsa ta girma. Sai dai tausayin wawa ma abin tsoro ne. Ya ce a ransa, tunda barci ne matsalar, ai maganin barci na nan a ajiye. Ya lalubo Gudun Damisa ya kunna, ya ja shi har ƙarshe.

Kai, ka ga aiki! Waya ta farka firgigit, kira ya shiga kafin a ƙifta ido, hoto ya fito har ana ƙirga gashin girar ango. Saura minti tara.

"Kun gani?" ya ce, murya ta dawo. "A je a faɗa wa Gouranga! Huzur, bismillah."

Kazi ya fara karo na huɗu, yana karatu kamar ana binsa da sanda. Bai kai sadaki ba Mokhles ya sauya hannu. Ya sake sauyawa. Ya kama wayar da gefen riga. Kasa na ja ta kwanta, damisa na ja ta yi gudu, abin da ke tsayar da zafi kuwa tun jiya aka sallame shi. Injiniya ya fara ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, yana hura wayar kamar mai hura dankali.

"Kawu, me ya sa ɗakin ke rawa?"

"Murna ce, ɗana! A ba ni ƙanƙara!"

Aka miƙo masa kwanon ƙanƙarar da aka tanada don abin sha. Ya ɗora wayar a kai. Ta yi cuuu, ta narka wa kanta gurbi, hoton ango ya koma kore, muryarsa ta zama ta kwaɗo. Ta bayan ango aka ji wani ƙato, maigidansa, yana buga ƙofa yana zazzaga Italiyanci, ba sai an fassara ba. Sai bayan wayar ya fara tasowa a hankali kamar burodi a tanda, murfin ya yi ɗas ya buɗe baki. Mokhles ya zabura ya fizge ta, ta ƙona shi, ya yi ihu ya wurgar. Ta tashi sama ta juya sau biyu ta faɗa tsulum cikin babban kaskon firni, kunun madarar da Nani ta wuni tana damawa jiya.

Gouranga, da ke tsakar gida cikin 'yan gayya, shi ya shigo da gudu da awartakin masu dafa abinci. Karo na farko a shekara ashirin aka ji ya ɗaga murya. "Ku matsa! Kada wanda ya taɓa!" Ya tsamo ta tana hayaƙi tana ɗigar madara, ya fita ya binne ta a tarin yashin gini. Fulbanu ta ɗauki jakarta.

"Sau huɗu, har da wuta. Wanda bai ga alama a nan ba makaho ne."

Aka yi cirko-cirko. Wayoyin ɗakin duk an kashe su an tara a wani ɗaki bisa umarnin Injiniya, wai kada su janye wa tasa sabis. Saura minti huɗu.

Sai Nani ta ajiye carbi. Ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, inda take ajiye mabuɗi da ganyen taunawa, ta fito da wata 'yar baƙar waya mai maɓallai, lambobin sun goge, an ɗaure bayanta da robar gashi. Ranar Juma'a kawai take ganin caji, yau ma an manta.

"Lambar yaron tana ciki, shi ya sa mini da zai tafi. Danna biyar ka riƙe."

Mokhles ya miƙo hannu. "Inna, kawo in ɗan..."

Tas! Ta kai masa mari a bayan hannu, wanda aka ji har tsakar gida. "Shekararka arba'in da shida, Mokhles. Zauna."

Ya zauna. Uban amarya ya danna biyar. Ƙara ɗaya aka ɗauka, muryar Tofazzol ta cika ɗakin, garau, har da bugun ƙofar da ake yi masa.

"Huzur, minti biyu ya ba ni, in ban fito ba in ajiye masa ƙyallensa!"

Kazi ya ja numfashi ya karanto sunaye da sadaki a numfashi ɗaya. "'Yata Shiuli, kin amin..."

"Kobul! Kobul! Kobul!"

Ba raɗa ta yi ba. Yaye lulluɓin ta yi, ta kamo hannun ubanta da wayar ta jawo bakinta, ta faɗa da ƙarfin da hankakin da ke kan rufi ya tashi. Gwaggonni suka dafe ƙirji. Tun da aka kafa Naria ba a taɓa jin amaryar da ta katse Kazi ba. Can Italiya Tofazzol ya amsa nasa ukun yana dariya yana kuka, masu wanke kwanuka suka ce sun ji sun shaida, aka ji ƙofa ta buɗe, kira ya yanke. Kazi ya shafa fatiha ya miƙo littafi a sa hannu.

Ido duk ya koma kan Fulbanu. Ta tsaya da jaka a hannu tana kallon yarinyar, ta tauna ganyenta sau biyu. Sannan ta ajiye jakar.

"Ni minti talatin na yi a nawa, don ba abin da zan rasa. Wannan ta ga aikin ɗana zai tafi, ta ajiye kunya ta cece shi." Ta matso ta gyara wa Shiuli lulluɓi da hannunta. "Duk wadda ta yi gulmarta a bakin famfo, da ni take yi."

Hosne Ara ta fashe da kuka ta rungume surukarta. Aka ci shinkafa aka ci kaza, firni dai sai haƙuri. Ranar Lahadi takarda ta shiga Dhaka.

Za ka ce Injiniya ya shiga ɗaki ya rufe? Ba ka san shi ba. Litinin da safe ga shi a rumfar shayi da bandeji a yatsu uku, yana bayani cewa laƙanin ba shi da laifi, batir ɗin Turai ne bai saba da yanayinmu ba, kuma in an duba da kyau, shi ne sanadin da aka gane Shiuli jaruma ce. Har ya shiga zaure ya ba da rahoto, sai dai Aljanin Khulna ya amsa masa da layi ɗaya, cewa ya karanta jan rubutu. Gouranga kuwa ya koma gidan bikin. Ya tono wayar daga yashi, ya cire batir ɗin ya kai inda ake zubar da irinsa, ya rataye gangar jikin da zare a ƙofar shagonsa, daidai inda Mokhles zai riƙa ganinta in ya ɗaga kai. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Aikin Injiniya ne. Yau kwana goma ba ta kalli caja ba."

Bayan wata ɗaya aka tashi ɗaura auren 'yar mai shayi, shi ma ta waya, angon yana Milan. Mokhles ya sha sabuwar riga ya zo da wuri ya kama layin gaba, sukudireba uku na ƙyalli. Kazi ya buɗe littafi, ya gyara tabarau, ya fara tambayoyin da ya saba.

"Waliyyi yana nan?"

"Yana nan, Huzur."

"Shaidu na nan da na can?"

"Sun hallara."

"An yanka sadaki?"

"An yanka."

Sai ya ɗago kai ya dubi taron, ya ƙara wata tambaya da babu ita a littafin kowane malami, wadda kuma har yau ba ya ɗaura aure a Naria sai ya yi ta.

"Mokhles ya taɓa wayar nan?"

Taro ya amsa baki ɗaya, har da na cikin wayar daga Milan: "Bai taɓa ba, Huzur!"

"Alhamdulillahi. Mutum biyu su riƙe masa hannu, mu fara."